Hancin Jariri da Kwalbar Feshi



Hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe gari, kuma duk gidan da ke da goyo ya san abin da ke tafe. Jariri ya kama nono, ya tsotsa sau biyu ya saki, ya buɗe baki ya ja iska, ya ɓarke da kuka. Da dare hanci na gurnani, uwa ta kasa runtsawa, gari na wayewa kowa a gidan ya zama likita. Kaka ta ce a shafa man zafi, maƙwabciya ta ce a ɗiga man shanu, maigida kuwa ya tuna yana da wata kwalbar feshi da aka rubuta masa a asibiti saboda atishawar da ƙura ke tayar masa. Shi dai ya ji daɗinta. Sai ya ce, to, a ɗan fesa wa yaron kaɗan mana. Wannan kwalba ce zancenmu na yau, wato feshin hanci mai sinadarin siteroyid, da ko ya dace a kai shi hancin ɗan wata biyu ko ɗan wata takwas.

Bari in fara da amsar, saboda wanda uzuri zai tashe shi kafin mu gama. A cikin sanannun feshin siteroyid, babu wanda hukumomin magunguna na Amurka ko na Turai suka amince a yi wa yaron da bai cika shekara 2 ba. Nasonex, a Amurka daga shekara 2 ne, a Biritaniya daga 3. Flixonase daga shekara 4. Avamys a Turai daga shekara 6, ko da yake Amurkawa sun yarda da sinadarin cikinsa tun daga shekara 2. Beconase da Rhinocort, su ma sai shekara 6. Duk wannan yana rubuce a 'yar takardar nan da ke naɗe cikin kwali, wadda yawancinmu tun a ƙofar kemis muke yar da ita.

Me ya sa aka ja layi a nan? Kafin a ba magani izini, sai an gwada shi a kan masu shekarun da za a riƙa ba wa, an auna yawan da jikinsu ke ɗauka, an bi su an ga abin da ya biyo baya. Manyan gwaje-gwajen da aka kafa hujja da su wajen ba da izinin nan, a kan manya da yaran da suka tasa aka yi su. Saboda haka duk wanda ya fesa wa jinjiri wannan magani da ra'ayin kansa, shi ne mai gwajin, ɗansa kuma shi ne abin gwajin, ba tare da sikeli ko likita a kusa ba.

Sai dai kada wani ya ji wannan ya ɗauka siteroyid guba ne. Ba kuma irin wanda masu ɗaga ƙarfe ke sha don tsokarsu ta murɗe muke nufi ba, wancan dangi ne daban. Jikin kowannenmu yana yin nasa. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da likitoci ke kira adirinal, ita ke fitar da sinadarin kotisol, wanda ke riƙe da bugun jini da sukarin jini, yake kuma tallafar jiki ya jure zazzaɓi ko rauni ko tiyata. A 1948, a asibitin Mayo da ke Amurka, likita Philip Hench ya fara ba masu ciwon gaɓɓai wani siteroyid mai suna kotison, aka ga waɗanda suka daɗe a kwance sun miƙe. A 1950 aka ba shi lambar Nobel tare da Edward Kendall da Tadeus Reichstein. Tun daga nan wannan dangin magani ya zama gwanin kwantar da kumburi, kuma masu asma da yawa da shi suke numfashi yau. Na hancin ma haka: ga mai alaji, wanda ƙura ko furen ciyawa ko gashin kyanwa ke sa wa atishawa da ƙaiƙayin hanci da zubar ruwa, da wuya a samu abin da ya fi shi.

To amma jaririn naki, Hajiya, alajin gare shi? Da wuya. Irin wannan alajin hanci yana buƙatar jiki ya daɗe yana cuɗanya da abin da zai ƙi, shi ya sa ba kasafai ake ganinsa ƙasa da shekara 2 ba. Abin da ke toshe hancin jariri yawanci abu ne mai sauƙi. Kafar hancinsa ƙarama ce ƙwarai, 'yar majina kaɗan ta isa ta cushe ta. A watanninsa na farko ta hanci ya fi dogara wajen numfashi, musamman lokacin shan nono, don haka toshewar da babba zai yi biris da ita, shi tana hana shi ci da barci. Ga shi bai iya fyace majina ba. Ga mura, wadda ƙaramin yaro lafiyayye kan yi sau 6 zuwa 8 a shekara, musamman in yana da yayye 'yan makaranta masu kwaso masa. Ga busasshiyar iskar hunturu da ke daskarar da majina a cikin hanci.

Sannan ga abin da ba mu cika son a faɗa ba: ɗakin mai jego. An rufe taga, an toshe ƙofa da labule, ga kaskon rushi don ɗumi, ga turaren wuta yana tashi, da magariba kuma a kunna maganin sauro. Jariri yana kwance cikin wannan hayaƙi dare da rana, sai kuma mu yi mamakin hancinsa ya toshe. Sau da yawa maganin yana ga fitar da kaskon nan waje.

Ita murar ma, feshin siteroyid bai nuna yana warkar da ita ba. A 2015 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen likitanci ta tace su, ta duba gwaji 3 da aka yi a kan wannan feshi ga masu mura, ta kuma ce babu hujjar da za ta sa a riƙa ba da shi don mura. Kuma ba magani ne mai buɗe hanci nan take ba. Ko ga mai alaji sai an jera kwanaki ake ganin cikakken aikinsa. Uwar da ta fesa yau, ta fesa gobe, ta ga yaro ya samu sauƙi bayan mako, murar ce ta gama kwanakinta. Yabon kuma sai ya tafi ga kwalba.

Yanzu mu zo ga inda maganin ke zuwa bayan an fesa shi. Ba duka ke tsayawa a hanci ba. Kaso mai yawa yana gangarawa ta maƙogwaro a haɗiye shi. Sababbin nau'o'i, irin su mometason da fulutikason, hanta tana kashe kusan duk abin da aka haɗiya, abin da ke isa jini bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Tsofaffin nau'o'i kuwa, irin su bekilometason da budesonayid, abin da ke shiga jini ya kai kashi ɗaya cikin uku ko fiye. Bambancin yana da girma, kuma an gan shi a jikin yara. A shekarar 2000 mujallar likitocin yara ta Amurka ta buga binciken da David Skoner ya jagoranta a kan yara 100 masu shekara 6 zuwa 9. Waɗanda aka yi wa feshin bekilometason sau biyu kullum na tsawon shekara guda sun ƙaru da santimita 5, waɗanda aka yi wa feshin da babu magani a ciki suka ƙaru da santimita 5.9. A wannan shekarar dai wani binciken a kan mometason bai ga raguwar tsayi ba. Tun 1998 ma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta a rubuta gargaɗi game da tsayin yara a jikin duk siteroyid na shaƙa da na hanci.

Wani zai ce ai santimita ɗaya ba komai ba ne. Ga ɗan firamare mai ƙaruwa da santimita 5 ko 6 a shekara, wataƙila. Jariri fa, a shekararsa ta farko yana ƙara kimanin santimita 25, nauyinsa kuma ya ninka sau uku. Babu wani lokaci bayan haihuwa da ɗan Adam ke girma da wannan sauri. Sannan feshi ɗaya adadinsa ɗaya ne, ko a hancin mutum mai kilo 70 ko a na jinjiri mai kilo 5. Kwalba ba ta san wa aka nufa da ita ba.

Amma in za a tambaye ni inda hankalina ya fi tashi, ba a kan feshi masu tsadar nan ba ne. A kan 'yan kwalaben ɗigo ne masu arha, masu deksametason ko betametason, waɗanda aka yi don ido ko kunne, wasu har da hanci. Waɗannan biyun suna da ƙarfi, kuma in an haɗiye su hanta ba ta tare su, kusan kamar an sha ƙwayar ne. Ɗigo kuma ba shi da ma'auni irin na feshi: hannu ya matsa, uku suka faɗa maimakon ɗaya, yaro na mutsu-mutsu, aka ce wancan bai shiga ba, aka ƙara. A 1998 mujallar likitocin Biritaniya ta buga rahoton yaran da ɗigon betametason a hanci ya jawo wa cutar Kushin, kuma masu rahoton sun ɗora laifin har a kan yadda aka yi ta sabunta musu takardar magani ba tare da an sake duba su ba. Bayan wannan an samu rahotanni daga ƙasashe daban-daban na jarirai da ɗigon deksametason na ido, da aka riƙa sa musu a hanci, ya yi wa irin wannan illa. In a inda sai da takardar likita ake sayar da magani haka ta faru, ina ga inda ake aiken yaro da tsohuwar kwalba a ce ya sayo irinta?

Masu sauraro, a nan nake so ku ba ni kunnuwanku sosai, domin alamar wannan cuta, wadda aka sa wa sunan likita Harvey Cushing, a idonmu kama da lafiya take. Kumatu su cika, fuska ta yi zagaye, ciki ya yi tulu, yaro ya riƙa tsotso ba ƙoshi. 'Yan barka su shigo su ce, kai, masha Allah, yaro ya yi ɓul-ɓul, nonon uwarsa ya karɓe shi. Alhali tsayinsa ya tsaya, wani siririn gashi ya fara fitowa a goshi da gadon baya, jininsa na iya hawa, garkuwar jikinsa ta yi rauni, ƙaramar cuta ta zame masa babba. Mun san wannan ƙiba. Ita ce dai ta ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasu mata ke sha don su ciko, domin deksametason na cikin abin da ake sayarwa da wannan suna. Katin awo shi ke tona asirin: layin nauyi na hawa, layin tsayi ya kwanta. Shi ya sa in kin je rigakafi, kada ki yarda a tsaya a sikeli kawai, ki nemi a auna tsayinsa ma a rubuta.

A haɗa da wani abu. Jiki yana lissafin siteroyid ne gaba ɗaya, ta kowace ƙofa ya shigo. Mayukan nan na bututu da ake shafa wa jarirai don ƙurajen zafi ko sabar ɗuwawu, waɗanda ake cewa suna maganin komai, da yawansu akwai betametason ko kulobetasol a ciki, kuma fatar jariri siririya ce, ƙarƙashin kunzugu kuma ta fi zuƙa. Yaro ɗaya sai ka tarar ana ɗiga masa a hanci, ana shafa masa a fata, in ya yi tari kuma a ba shi na ruwa. Kowanne kaɗan ne a idon mai bayarwa.

Ga kuma gargaɗin da ya fi kowanne muhimmanci ga wadda ta riga ta fara. In kin kwashe makonni kina ɗiga wa jaririnki irin wannan magani, kada ki ji shirin nan ki jefar da kwalbar yau. Adirinal kamar magidanci ne da aka daɗe ana kawo wa hatsi har gida: sai ya daina zuwa gona, ranar da aka yanke kawowa kuma rumbu wayam. In aka tsayar da maganin farat ɗaya, jikin yaron ba shi da kotisol nasa, ba shi da na waje. Sai amai, kasala, sukarin jini ya faɗi, jini ya yi ƙasa, abin yana iya kai wa ga rasa rai, musamman in zazzaɓi ya riske shi a wannan hali. Ki ɗauki yaron da kwalbar da kwalinta ki kai wa likitan yara, ki faɗa masa gaskiyar ranar da kika fara da yawan da kike sawa. Shi ya san yadda ake janyewa a hankali. Likita kuma, don Allah, a rage faɗa. Uwar da aka kunyata a gaban jama'a, gobe ɓoye kwalbar za ta yi.

Ban ce ba a taɓa sa wa jariri siteroyid a hanci ba. Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro kan yi hakan ga jinjirin da cikin hancinsa ya kumbura har ya hana shi shan nono, ko bayan tiyatar buɗe hanci. Akwai jariran da ake haifa da bayan hancinsu a toshe da ƙashi ko tantani. In duka ɓangarorin biyu ne, za ka ga yaro yana shiɗewa, jikinsa ya sauya launi in yana tsotso, in ya yi kuka kuma ya dawo daidai, domin kuka ya buɗe masa baki. Wannan aikin tiyata ne. A irin waɗannan wurare likita ya leƙa hancin da idonsa, ya ƙayyade ɗigo, ya ƙayyade kwanaki, ya ce a dawo. In an rubuta wa ɗanki, ki yi tambaya uku kafin ki tashi daga kujerar: ɗigo nawa, kwana nawa, yaushe zan dawo. In kwanakin sun cika, magani ya ƙare ke nan, ko da kwalba na da saura.

Akwai kuma rikicewa tsakanin kwalabe, domin duk a hanci ake sa su. Wasu ba siteroyid ba ne, masu matse jijiyoyin jini ne, irin su Otrivin, waɗanda ke buɗe hanci cikin mintuna. Su ne ma suka fi jan hankali saboda saurin aikinsu. In aka wuce 'yan kwanaki ana amfani da su, hanci kan ƙara toshewa da zarar ƙarfinsu ya sake, sai a ƙara, sai ya ƙara. Ga jariri kuwa, in ya yi yawa yana iya sa barci mai nauyi, jiki ya yi sanyi, bugun zuciya ya ragu. Ba su kaɗai ke da haɗari ba: a 2007 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton jarirai 3, duk ba su wuce wata 6 ba, da suka rasu a 2005 sanadin magungunan mura da tari. A 2008 hukumar magungunan ƙasar ta ce kada a ba 'yan ƙasa da shekara 2 irin waɗannan magunguna, a 2009 kuma Biritaniya ta kai nata layin zuwa shekara 6.

To, me uwa za ta yi da daren nan? Ruwan gishiri na ɗigawa a hanci, wanda ake sayarwa a kemis, mai gishiri giram 9 a lita guda, daidai da na jiki. Babu magani a cikinsa. Ɗigo ɗaya ko biyu a kowace kafa kafin shan nono, a jira kaɗan majina ta yi laushi, a zuƙe da 'yar robar nan mai kama da albasa, a wanke ta bayan an gama. Kada a yi ta zuƙa kowace sa'a, hakan ma yana kumbura hanci. Iyayenmu da baki suke zuƙewa, kuma ba don rashin ƙauna ba, amma robar ta fi tsabta ga uwa da ɗa. A ci gaba da ba da nono, kaɗan-kaɗan akai-akai. In zai yi barci a kwantar da shi rigingine. Man zafi mai kafur ba na 'yan ƙasa da shekara 2 ba ne, cikin hanci kuwa ko babba ba a sa masa. Sirace da tafasasshen ruwa kusa da jariri, ƙuna ce ke jira. Mai kuma, ko na shanu ko na zaitun, kada a ɗiga: yana iya silalewa cikin huhu ya taru. A yankin Asir na kudancin Saudiyya, inda aka saba ɗiga wa jarirai man shanu a hanci, likitoci sun rubuta yara da yawa da wannan al'ada ta jawo wa ciwon huhu mai wuyar magani.

Ku 'yan'uwana masu kemis, kun fi kowa kusa da iyayen nan, kuma sau da yawa ku ne asibitin farko da na ƙarshe. Deksametason da betametason magunguna ne na takardar likita, lasisin kantin magani na unguwa bai haɗa da su ba. In uba ya zo ya ce a ba shi na toshewar hanci, ku tambaye shi na wa, ɗan wata nawa. In jariri ne, ruwan gishiri yana nan a kan kanta.

Akwai lokacin da zancen ya wuce hanci. A buɗe rigar yaro a ƙirga numfashinsa na minti guda cur yana kwance shiru. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, ɗan ƙasa da wata 2 in ya kai 60, ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, numfashin ya yi sauri, ana tsoron limoniya. Haka in ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya ƙi nono sam, ko leɓɓansa sun sauya launi, ko ya yi laushi ana tashinsa da kyar. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, zafin jikinsa ya kai 38, ba a jiran gari ya waye, asibiti ake nufa a daren. In za ku tafi, ku kwashi duk abin da aka ɗiga masa ko aka shafa masa ko aka ba shi ya sha, ku sa a leda ku tafi da shi.